Wannan Fejin Naki Ne, Fadila

Litinin 4 ga Agusta, da hantsi

Shafinmu ya ɓace daga Gugul.

Ba goge shi aka yi ba. In ka rubuta adireshinsa cikakke yana buɗewa, hulunan suna nan reras yadda muka jera su. Amma wanda bai san mu ba, ya rubuta "hular Katsina" ko "ƙube ɗinkin hannu" yana nema, ba zai same mu ba. Da mu ne a sama. Yau na yi ta jan allon waya har yatsana ya gaji. Na ga masu hula na Kano, na ga na Maiduguri, na ga wani ma takalmi yake sayarwa. Mu babu.

Nu'uman (a nan dai ina iya rubuta sunansa, ba mai jina) ya lura tun ranar Asabar, da wayarsa ta yi shiru. Shafin nan shi ne sana'arsa tun kafin aurenmu. Yana karɓo huluna wurin matan Gobarau masu ɗinki, ya ɗauke su hoto a barandarmu, mutanen Legas da Fatakwal su gani su yi oda, ya naɗe ya kai tasha. Da shi muke ci, da shi muke zaune a ɗakunan nan biyu na Kambarawa.

A duk labaran da na karanta, masifa da ƙara take shigowa: hatsarin mota, ko waya daga asibiti. Tamu da shiru ta shigo.

Talata 5 ga Agusta, bayan la'asar

Malam Salihu ya zo, abokinsa tun makaranta, wanda ya haɗa masa shafin. Tun daga ƙofa ya fara tsokana.

"Amarya, ina wuni? Yau wa aka sace a labarin?"

"Ba wanda aka sace, Malam Salihu. Mantuwa ce ta kama angon."

"Allah ya ba shi lafiya. Kawo mana ruwa, mu ma namu marar lafiyar muka zo dubawa."

Ya buɗe kwamfuta ya shiga wurin da Gugul ke ajiye wa masu shafi saƙo. Ashe saƙon na nan tun makon jiya, ba wanda ya leƙa. Ya karanta, ya cire hularsa ya ɗora a gwiwa.

"Hukunci ne. Kuma ba na'ura ce ta yanke shi ba, mutum ne ya zauna ya duba ku. Sun ce akwai linki barkatai da ke nuno shafinka daga wurare marasa kyau, dukkansu da kalmomi iri ɗaya. A wurinsu wannan alamar saye ce, wato ka biya an watsa maka don ka hau sama. Ka saya?"

"Ni? Ko inda ake sayarwa ban sani ba."

"To bari mu ga mai yi maka wannan alheri."

Ya latsa ɗaya. Wani bulog ne, sama tallar caca, gefe tallar maganin ƙiba, a tsakiya kuma rubutun da na kusa haddacewa. Feji ne na Amanar Tsohon Soro, labarin da nake bi kullum safiya. Malam Salihu ya fara karantawa da ƙarfi: "Wannan fejin naki ne, Fadila matar mai hula, sarauniyar sharhi. Masu son hular Katsina ta asali ku latsa..." Sai tari ya kama shi.

Na ce bari in duba tukunya. Ban ɗora komai ba.

Laraba 6 ga Agusta, da safe

Na duba. Babu.

Laraba, bayan azahar

Bari in rubuta yadda abin yake, ko don in gan shi da idona.

Marubutan guruf ɗin waya da muke karanta labari a ciki suna da al'ada. Kowane feji suka saki, a samansa sai sun sadaukar da shi ga wata: wadda ta haihu, wadda aka yi wa rasuwa, ko wadda ta fi kowa sharhi. Ni sharhi nake yi. Wani lokaci sharhina ya fi fejin tsawo. Maman Hafsat, mai Amanar Tsohon Soro, ta ce ba ta jin ta yi rubutu sai ta ga nawa. Da muka cika shekara da aure ta ce in zaɓi abin da nake so. Na ce ta sa linkin shafin maigidana a ƙarƙashin sunana. Ta sa. Ba a feji ɗaya ba, a kowane feji. Sauran marubutan ƙungiyarsu suka gani suka yi mata kara, su ma suka sa a nasu.

Masu bulog ne ban taɓa kawowa a raina ba. Da an saki feji suke kwashe shi ɗungurungum, da sadaukarwar da komai, su manna a nasu don su sami masu shiga. Wannan ya kwafa daga wancan, wancan daga na gaba.

Ba a ɓoye aka yi ba. Ranar da na nuna wa Nu'uman dariya ya yi, ya ce ashe karatun nan nawa yana da rana, har ya shigo min da balangu. Ya sani. Na san ya sani. Amma tun jiya bai ce komai ba sai "sannu da aiki."

A labari da tsawa zai daka min, in yi kuka, ya lallashe ni, a wuce wurin.

Juma'a 8 ga Agusta, bayan magariba

Mun wuni Ƙofar Durbi wurin Inna, mahaifiyarsa. Ta riga ta ji.

"Wai shi Gugul ɗin nan ɗan ina ne? Mi kuka yi mai? In mutum ne a tura Malam Mati ya ba shi haƙuri. Ba a maido Malam Mati."

"Inna, kamfani ne, a Amurka."

"To Amurkar ba mutane ne ciki ba?"

Ya yi dariya. Rabona da jin dariyarsa tun ranar Asabar.

Ana cikin haka Yaya Lawal ya kira, wansa mai shagon tayil a Abuja. Ya fita zaure ya daɗe. Da ya dawo Inna ba shi ta kalla ba, ni ta kalla.

"Ɗakin autana Hussaini tun da ya tahi makaranta ba kowa ciki. Shara kawai yake so."

Na ce, "To, Inna."

Anti Jummai, matar Yaya Lawal, ta ja ni madafa wai in taya ta kwaɗon zogale. Tun tana goyon fari take gidan nan, yanzu 'ya'yanta uku, mijinta sai salla zuwa salla. Tana murza ƙuli ta ce, "Ana sabawa. Watan farko ne mai wuya. Ke ma ai kina da labaranki."

A napep muna dawowa ya gaya min. Yaya na neman wanda zai riƙe masa shago. Zai zo Mauludi. In har lokacin shafin bai dawo ba, tare za su koma.

"Ke kuma ki zauna wurin Inna kafin in sami wuri."

Anti Jummai ta taɓa gaya min abin da Yaya Lawal ya ce mata ranar da zai fara tafiya. Kalmomin ke nan, ba ragi.

Asabar 9 ga Agusta, da safe

Na duba. Babu. An kwana ana ruwa, baranda ta jiƙe, ba a ɗauki hoto ba.

Litinin 11 ga Agusta, bayan la'asar

Aiki muka wuni yi. Malam Salihu ya ce matakin uku ne. A roƙi masu bulog su cire linkin. Waɗanda suka ƙi, a tara adireshinsu a takardar barranta, wato a gaya wa Gugul ba ruwanmu da su, kar a lissafa mana su. Sannan a ɗaukaka ƙara, a ce mun gyara a sake dubawa.

Shi yana kwafo adireshi, ni ina neman lambar mai bulog ko imel ɗinsa. Yawancinsu ba suna, ba lamba, kamar aljanu ke riƙe da su. Ɗaya ya amso da "waye kai." Ɗaya kuma ya ce in muna da fejin gobe mu turo masa tukuna.

Da Nu'uman zai fita masallaci ya ce, yana sa takalmi, "Ki gaya wa mutuniyarki ta daina sa shi." Na ce to.

Fejin yau: Jamilu ya tuna muryar Madina amma bai tuna fuskarta ba. Na ja saman fejin da sauri na wuce. Ban yi sharhi ba. Maman Hafsat ta turo min, "Sarauniya, lafiya kika yi shiru?" Na ce data ce.

Laraba 13 ga Agusta, da hantsi

An tura ƙarar. Sai jira.

Ban yi mata magana ba. Ta yaya ake ce wa mutum ya zo ya ɗauki kyautarsa? Gobe.

Alhamis 14 ga Agusta, da safe

Babu.

Asabar 16 ga Agusta, bayan azahar

Baba Hauwa'u ta zo da kanta daga Gobarau, ita ce babba a masu ɗinkin. Ta kawo huluna ƙunshe a zani, duk aiki ɗaya, toka-toka da zare mai ruwan ƙasa. Ta ce idonta ya fara gardama, amma waɗannan ta tsaya a kansu. Nu'uman ya juya su ɗaya bayan ɗaya, ya yaba, ya karɓa. Bai gaya mata komai ba. Suna nan a kusurwa cikin zaninsu.

Lahadi 17 ga Agusta, da yamma

Ina wanke-wanke na yi ta tunanin mutumin da zai karanta ƙararmu. Na sa masa tabarau. Na ba shi ofis mai gilashi a hawa na sama, da mata da suka yi faɗa da safe. Ya buɗe tamu yana cikin fushi, sai ya ga hoton hular nan mai ruwan goro, ya tuna kakansa, idonsa ya kawo ruwa. Har na kai inda yake kiran matarsa ya ba ta haƙuri, sannan na lura famfo na ta zuba a ƙasa.

Me ya sa kakan Bature zai sa ƙube, ban sani ba.

Ban yi mata magana ba.

Talata 19 ga Agusta, da safe

Babu. Fejin yau ya yi daɗi. Sunana na nan a sama.

Alhamis 21 ga Agusta, bayan la'asar

Sun ƙi.

Sun ce har yanzu akwai linkin da ba mu cire ba, ba mu kuma barranta da su ba, suka ba da misali. Malam Salihu ya buɗe misalan. Ba tsofaffin fejuna ba ne. Na farko fejin ranar Litinin ɗin nan ne, inda Madina ta sayar da zobenta.

"Wannan sabo ne fa," in ji Malam Salihu. "Muna ta kwashe ruwa a ɗaki, ashe famfon a buɗe yake."

Nu'uman ya juyo. Tun da abin ya faru bai kalle ni haka ba.

"Fadila. Na ɗauka kin yi mata magana."

"Zan yi."

"Yaushe?"

Malam Salihu ya miƙe ya ce bari ya yi alwala. Yanzun nan suka dawo daga sallar la'asar.

"Kunya kike ji," in ji Nu'uman. Ba tambaya ba ce. "Na gane. Ni ma kunyar Baba Hauwa'u nake ji, shi ya sa kayanta ke can. Amma kunya ba za ta riƙe mu a gidan nan ba."

Bai ɗaga murya ba. Da ma ya ɗaga.

Juma'a 22 ga Agusta, da hantsi

Ya sauko da baƙar jakarsa ta tafiya daga saman wadirob. Ya ce zif ɗin zai duba.

Asabar 23 ga Agusta, bayan magariba

Na je.

Gidan Maman Hafsat a Ƙofar Ƙaura yake. Sau ɗaya na taɓa ganinta, ranar bikina, da ta kawo min turaren wuta. Malamar firamare ce, da rana alli, da yamma labari. Na same ta a tsakar gida tana tsintar shinkafa da hannu ɗaya, ɗayan yana kan waya. Ni da nake zaton falo mai labule har ƙasa.

Mun gaisa, mun sake gaisawa. Ina gajiya, ya ruwa, ya maigidan, ya Inna, ya kasuwa. A kan kasuwar na tsaya. Na faɗa mata duka, kaina a ƙasa.

"Tsaya, ƙanwata, in fahimce ki. Sunanki za a cire?"

"Da linkin, Anti. In da hali kuma a gaya wa sauran marubutan."

"Ni na roƙe ki in sa?"

"A'a, Anti. Ni na roƙa."

"Masu atamfa da masu turare suna bina in sa masu, ina cewa wurin na Fadila ne. Yau kin hau napep kin dawo min da shi har gida, wai ya ɓata maku suna."

"Ba ke ba ce, Anti. Masu kwafa ne."

"Masu kwafa!" Ta dire tiren. "Su ai ni suka fara yi wa. In zauna in yi rubutu ido na ruwa, kafin in sha shayi sun manna shi kusa da tallar caca. Ban taɓa hawa napep na je gidan kowa ba."

Sai na ji bakina yana cewa in shafin bai dawo ba zai tafi Abuja bayan Mauludi. Ban yi niyyar faɗa ba. Ko Mamanmu ban gaya wa ba.

Ta jawo tiren ta ci gaba da tsintar shinkafar. Can ta ce, "Jamilu ma gobe zai je filin jirgi." Ta ce, "Tashi ki tafi kar ruwa ya tare ki. Na ji."

Ko zaure ba ta raka ni ba.

Lahadi 24 ga Agusta, da hantsi

Feji ya zo. Sama ba sunana. Jamilu na tsaye a filin jirgi da tikiti a hannu, Madina na cikin mota cunkoso ya riƙe ta. A nan ya tsaya. A ƙarƙashi ta rubuta:

"Daga yau ba feji. Ƙarshen labarin na nan a wayata, a gama yake. Duk mai bulog da ya kwashi rubutuna ya koma ya cire layin hula daga kowane feji, nawa da na 'yan ƙungiyarmu. Sai na duba na ga an cire zan saki ƙarshen. Masu karatu, kun san inda suke."

Guruf ya kama da wuta. Wayata har zafi ta yi.

Litinin 25 ga Agusta, bayan azahar

"Wace ce ma Fadilar nan?" "An yi mata gata ta raina." "Mu ina ruwanmu da hular mijinta, a ba mu Jamilunmu." Wata da muke hira kullum, har na taɓa tura mata hoton ɗakina, ta rubuta kalma ɗaya: butulu.

Ban amsa ba. Kafin azahar aka cire ni daga guruf ɗin. Ban san wadda ta cire ni ba, ban tambaya ba.

Nu'uman ya ga idona. Ya ce, "Me ya faru?" Na ce albasa ce. Ya leƙa madafa ya dawo, ya zauna kusa da ni a kan tabarma, bai ce komai ba. Wannan shirun ba irin na kwanakin baya ba ne.

Talata 26 ga Agusta, da safe

Na farka na lalubi waya, sai na tuna ba feji. Na duba Gugul. Babu.

Alhamis 28 ga Agusta, bayan la'asar

Malam Salihu ya shigo yana dariya tun daga waje.

"Amarya, wace runduna kika tura wa mutanen nan?"

Ya nuna mana. Matan guruf sun bi bulog-bulog sun cika wurin sharhi. "Ka cire layin hula, ɓarawon zaune." "Wallahi in Jamilu ya hau jirgin nan ban karanta ba, kai da Allah." Wani mai bulog har sanarwa ya manna, wai ya cire, don girman Allah a bar shi ya huta. Wanda ya ce mana "waye kai" ya turo imel da kansa, da sallama da komai.

"Ni na yi sati ina rubuta Turanci ba wanda ya kula ni. Rundunar taki ta fi lauya."

Na ce ba tawa ba ce yanzu.

Ba duka suka cire ba. Akwai bulog da masu su suka watsar tuntuni, ba mai amsawa. Waɗannan aka ƙara a takardar barranta.

Asabar 30 ga Agusta, da hantsi

An sake ɗaukaka ƙara. Wannan karon Nu'uman ya ce a rubuta abin yadda yake: ba saye aka yi ba, marubuta ne suka sa don zumunci, masu kwafa suka watsa, an tsayar da shi daga tushe, ga waɗanda aka cire, ga waɗanda suka gagara. Ya ce a rubuta kara ce aka yi wa matarsa. Malam Salihu ya ce mutanen can ba su san kara ba. Ya ce a rubuta dai, su tambaya.

Litinin 1 ga Satumba, da safe

Babu.

Laraba 3 ga Satumba, da yamma

Anti Jummai ta ce an saki ƙarshen Amanar Tsohon Soro, maƙwabciyarsu ta karanta har ta yi kuka. Na toshe kunnena na ce kar ta gaya min. Na san inda zan same shi, yanzu haka yana bulog fiye da ɗari. Ba zan shiga ba.

Yaya Lawal ya iso. An share ɗakin Hussaini, har an sa sabuwar leda.

Alhamis 4 ga Satumba, bayan azahar

Jakar ta fara cika. Shaddarsa biyu, da darduma, da takalmin Juma'a. Ni na goge masa su. Ba wanda ya ce in goge.

Asabar 6 ga Satumba, da hantsi

Saƙo ya zo. An janye hukuncin.

Na yi guɗa ni kaɗai a tsakar gida, har maƙwabciya ta leƙo ta katanga tana tambayar wa ya haihu. Na ɗauko waya na rubuta "hular Katsina."

Babu.

Malam Salihu ya ce a waya haka abin yake. Janye hukunci daban, komawa sama daban. An buɗe mana ƙofa ne kawai, hawan sai a hankali, zai iya ɗaukar makonni, kuma ba lallai mu koma inda muke da ba.

A labari da nan za a rubuta alhamdulillahi a rufe. Yaya Lawal jibi zai koma.

Lahadi 7 ga Satumba, bayan la'asar

Da safe na gan mu. Can ƙasa, sai an wuce jeri biyu an shiga na uku, ƙarƙashin mai takalmin nan. Na kai masa wayar har banɗaki yana aski, ya kalla da kumfa a fuska ya ce, "Wa ke zuwa jeri na uku?"

A Ƙofar Durbi muka ci abincin rana. Ina jin su daga tsakar gida.

"Sana'ar da wani a Amurka zai tashi da safe ya kashe maka ita, sana'a ce? Tayil kuwa ko an ƙi ka sai an taka shi."

"Yaya, ai an janye."

"An janye, ina cinikin?"

Inna ta ce a bar maganar a ci abinci.

Muna shirin tafiya wayarsa ta yi ƙara. Ya fita zaure. Na ji yana cewa, "Iri ɗaya? Akwai, toka-toka... Ranar Juma'a bikin? ... Alhaji, don Allah a ina ka same mu?" Da ya dawo na tambaye shi. Ya ce wani ne a Abuja, na abokan ango yake nema. Wai a Gugul ya gan mu, can ƙasa, na saman duk ya kira ba su da iri ɗaya da yawa.

Na ce, "Ashe ana zuwa jeri na uku."

Ya ce, "Mutum ɗaya ne, Fadila."

Muka iso gida. Jakar na bakin ƙofa.

Litinin 8 ga Satumba, da hantsi

Bayan asuba na ji ƙarar zif. Na shige madafa na ɗora ruwan shayi don kar in gani. Na ji yana ta motsi a ɗaki. Na ji ya fito. Daga bakin ƙofa ya ce, "Na tafi wurin Yaya." Na ce a dawo lafiya, ban juyo ba. Ta taga na ga bayansa, da jakar a kafaɗa.

Ruwan ya tafasa har ya ƙone. Na daɗe kafin in iya shiga ɗakin.

Kayansa na kan gado a jibge. Shaddar biyu, da dardumar, da takalmin Juma'a. Kusurwa kuma ba komai sai zanin Baba Hauwa'u a ninke.

Rana ta ɗan ɗaga ya dawo, hannu biyu a aljihu, yana tambayar ina shayinsa.

"Ina jakar?"

"Ta tafi Abuja. Mai bikin zai karɓa a shagon Yaya."

"Yaya ya ce me?"

"Ya ce ya zo ɗaukar yaron shago an mayar da shi ɗan aike. Inna ta ce ledar ɗakin Hussaini ni zan biya." Ya zauna yana cire takalmi. "Na ce masa a bar ni in ga hawan nan. In ya ƙi hawa, shagon ba gudu zai yi ba. Kin duba yau?"

Na ce ban duba ba. Yau ce rana ta farko da na manta. Muka duba tare. Muna jeri na uku har yanzu, amma mun hau kan mai takalmi.

Litinin, bayan azahar

Saƙo ya shigo daga Maman Hafsat. Ba sallama, ba gaisuwa. Fejin ƙarshe ne ta turo min ni kaɗai.

Samansa kawai na gani. Ba sunan kowa.

Na rubuta mata, "Na gode, Anti. Bai tafi ba." Ta karanta, ba ta amsa ba tukuna.

Ban buɗe sauran ba. Ko Jamilu ya hau jirgin ko bai hau ba, zai jira ni. An kawo wuta, ga kayan mutum a kan gado duk sun yamutse, sai an sake goge su kafin a mayar wadirob.